Kabad ɗin Auta Ya Ƙi Fita

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Kafinta ya yi yana sana'ar katako a wani ɗan shago da ke manne da gidansa, can ƙarshen layi inda motoci ke juyawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fensir ba ya rabuwa da kunnensa, har 'ya'yansa kan ce da shi aka haife shi. Babban yatsansa na hagu ya rasa rabin farce tun yana koyon aiki, kuma da wannan yatsan yake nuna mutum in zai yi masa faɗa. Faɗa kuwa ba ya yi masa wuya. Ka kai masa kujera gyara, sai ya fara da wanda ya ƙera ta, ya koma kan katakon, ya dawo kanka da ka saya, sannan ya gyara maka ita ta fi sabuwa ƙwari.

A sana'a yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya taka da ƙafarsa ya je gidan mai kaya, ya auna ƙofar ɗakin da kayan za su shiga. Ko ka rantse masa ka san faɗinta, sai ya je. Ya sha ganin abokan sana'a sun ƙera gado na gani na faɗa, a ƙarshe a tsaya ana muzurai a bakin ƙofa, kuma babu abin da yake ba shi dariyar mugunta irin wannan.

A gida ma yana da tasa dokar. Duk ɗan da ya fara ɗaukar albashi, shekara guda gare shi, ya nemi wurin zamansa. Shi yana ɗan shekara goma sha tara mahaifinsa ya miƙa masa zarto da tabarma ya ce Allah ya ba da sa'a, kuma ga shi bai mutu ba. Wannan labari ya ba da shi ya fi sau dubu, har Umman yara takan riƙa motsa baki tana bin sa kalma bayan kalma ta bayansa. Sai dai dokar tana da ɗan zuma a gindinta: babu ɗan da zai bar gidan hannu rabbana, sai da wani abu da uban ya ƙera masa da hannunsa.

'Ya'ya huɗu suka haifa, kuma akwai lokacin da gidan nan ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Da safe layi ake yi a ƙofar banɗaki, ana buga ƙyaure ana kiran Umma ta zo ta raba gardama. Takalma takwas a bakin falo, babu biyun da ke wuri ɗaya. Garin katako yana bin ƙafafu daga shago har kan gado, Umma tana shara tana mita, ba a fasa shigo da shi ba ita ma ba ta fasa mitar ba. Baba Kafinta yakan leƙo ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa shago da tsakar gida ya daka tsawa, a yi tsit na minti ɗaya, yana juya baya a ɗora daga inda aka tsaya. A lokacin gani yake sun hana shi sakat. Daga baya ne ya gane kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa, ya kuma ji haushin kansa da bai tsaya ya kalle su da kyau ba.

Babban ya fita da tebur mai ƙafa shida, a kan lokaci, ko kwana bai ƙara ba. Mai bi masa, wadda ta zama nas, ta tafi da gado. Na uku ya kwashi kujerun falo. Duk wanda ya fita, uban yakan kakkaɓe hannu ya ce da maƙwabcinsa tela, “Saura kaɗan in huta.” Aka wayi gari saura Auta kaɗai, wanda ya sami aikin koyar da lissafi a wata makaranta da ke nesa da gidan tafiyar minti ashirin.

Ranar da Auta ya kawo takardar kama aiki, Baba ya nuna shi da yatsan nan.

“To, malam, ka san dokar gidan nan. Me kake so in ƙera maka?”

“Kabad, Baba. Littattafaina duk a buhu suke.”

“Kabad zan yi maka da jikokinka za su yi rigima a kansa.”

Damina ce, kwanon shagon kuma yana yoyo ta kusurwa biyu. Baba ya ce ba zai bar katako mai daraja ya sha laima ba, don haka aka kwashi katakon aka kai ɗakin Auta, aka ture gado gefe guda. A nan aka fara aikin. Damina ta wuce, aka gyara kwanon, amma aiki bai koma shago ba, wai ba a ɗaga abu gam bai gama kamawa ba.

Kullum bayan la'asar, daidai lokacin da Auta ke dawowa daga makaranta, sai Baba ya rufe shago ya shigo da samfefa da kwalbar gam. Auta ya zauna a bakin gado yana duba littattafan ɗalibai, uban yana durƙushe yana gogar katako. Da farko ba sa cewa komai. A hankali hira ta ɓalle. Auta ya riƙa karanto masa amsoshin ban dariya da yara ke rubutawa, Baba yana ƙyaƙyatawa har da tari. Shi kuma ya riƙa ba shi labaran da bai taɓa ba manyan ba: yadda ya yi kuka a daren farko da ya kwana kan tabarmar nan shi kaɗai, yadda ya ƙera wa Umma ƙaramar kujera kafin ya iya buɗe baki ya yi mata magana, yadda mahaifinsa ya rasu bai taɓa ganin shagon ba. Sauran 'ya'yan sun san tsawar ubansu, Auta ne kaɗai ya san hirarsa.

Shekara ta cika, kabad bai kammala ba. Baba bai sa masa ƙusa ko ɗaya ba, harɗa katakon ya yi cikin juna ya bi da gam, irin aikin da ba ya kwancuwa sai dai a fasa. Da aka ce an gama, sai ya ga ya kamata a ƙara aljihu uku a ƙasa. Da aka gama su, ya ce marfin dama yana ɗan kuka. Sai madubi. Sai wani ado a sama mai kamar rawani, wanda shi kaɗai ya ci wata bakwai. Sau biyu Auta yana samun ɗaki kusa da makaranta, sau biyu uban yana ɓata rai.

“Ka fita da rabin kaya, a ce ɗan wa? So kake ka kunyata ni a gari?”

Amma a waje, a kan bencin tela, waƙar ba ta canja ba. Ƙato ya kai talatin yana cin tuwon uwarsa, yaran yanzu sai ka kore su da sanda, shi a shekarun nan ya riga ya aje 'ya'ya biyu. Tela yana ɗinki yana gyaɗa kai. Shekara shida ana wannan abu, kuma duk layin babu wanda bai gane ba, sai dai ba mai ƙarfin halin faɗa masa. Tsoho ne da ke tsoron ranar da zai rufe shago bayan la'asar ya rasa ɗakin da zai shiga.

Ranar ta zo a cikin ambulan ɗin wasiƙa. An yi wa Auta ƙarin girma, an mayar da shi wata makaranta a wani gari mai tafiyar awa biyu a mota, an kuma ba shi gida a harabarta. Wannan karon babu zancen marfi yana kuka. Baba ya karanta takardar sau biyu, ya ce madalla, dama ya gaji. Da yamma ya shafa wa kabad ɗin fenti na ƙarshe.

Asabar da hantsi motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Direban da wasu ƙarti biyu suka kwashe gado da buhunan littattafai, sannan suka kama kabad. Ya tashi da ƙyar, suka ja shi zuwa ƙofa, ya tsaya cak. Suka kwantar da shi, ya ƙi. Suka karkata shi, suka cire marfin ƙofar gaba ɗaya, suka sake gwadawa ta baya. Ko ta ina aka bi, saura kamar yatsa uku.

Direban ya share gumi ya dubi uban ya dubi ɗan.

“Ikon Allah! Gidan kafinta da malamin lissafi, amma an rasa mai auna ƙofa?”

Ƙartin suka fashe da dariya. Maƙwabta sun fara leƙowa, har tela ya baro kekensa. Baba Kafinta, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya juya ya shige shago ta ƙaramar ƙofa. Umma ta bi shi, ta same shi tsaye yana jujjuya tef ɗin awo a hannu.

“Malam, tsakaninka da Allah. Ka auna ko ba ka auna ba?”

Ya ajiye tef ɗin a kan bencin aiki.

“Na auna. Tun ranar farko.”

“Na sani,” in ji ta. “Ina tsaye da tsintsiya lokacin. To yanzu fa? Yaro zai kama aiki jibi.”

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga kuma baƙin ciki a ƙarƙashinta. Shi da ya yi shekaru yana yi wa wasu dariya, ya ƙera wa ɗansa abin da zai ɗaure shi a ɗaki, yana sane, yana kuma fita waje yana zagin sa da zaman gida.

Auta ya leƙo.

“Baba, a bar shi kawai. Ai nan ma ɗakina ne. In na zo hutu ina da wurin sa kaya.”

Wannan ita ce maganar da zuciyar Baba ta shekara shida tana so ta ji, kuma da ya ji ta sai ya ga ba zai iya karɓa ba. Yayun Auta kowa ya tafi da nasa. In ya bar wannan ya fita hannu wofi, ya cuce shi sau biyu ke nan.

Direban ya ce a sa zarto a raba shi biyu, in an je can a haɗa. Baba ya yi masa wani kallo, bawan Allah ya ja da baya. Sai Baba ya sunkuya ƙarƙashin bencin aiki ya jawo babbar guduma. Ya lulluɓe kabad ɗin da tsohon bargo, ya ɓanɓare katakon da ke zagaye da ƙofar, wanda shi ya kafa shi da hannunsa kafin a haifi Auta, sannan ya shiga dukan bangon gidansa. Umma ta dafe ƙirji amma ba ta hana shi ba. Ƙartin suka ce ya kawo su taya shi, ya ƙi. Bulo yana zubowa, ƙura ta rufe masa gira da gemu, yana haki yana duka, sai da ya buɗe kusan taƙi guda.

Kabad ya fita ko ƙwarzane babu. Da hasken rana ya sauka a kansa a tsakar gida, hayaniya ta ɗauke. Shekara shida yana ɗaki ba wanda ya gan shi sosai. Tela ya shafa gefensa ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba.

Ana ɗaure shi a mota Auta ya matso kusa da ubansa, murya ƙasa-ƙasa.

“Baba, to in can ma ya ƙi shiga fa?”

“Zai shiga.”

“Ba ka ga gidan ba ai.”

“Talatar da na ce da ku na tafi sayen katako, ina kake tsammani na je? Akwai rarar yatsa huɗu. Ku shigar da shi a tsaye, gefen madubi ya fara wucewa. Kuma kada ka jingina shi da bangon taga, akwai laima.”

Auta ya dubi ubansa. Ya durƙusa, uban ya dafa kansa da hannu mai ƙura ya sa masa albarka a gurguje, ya ce su tafi kada rana ta yi musu. Ya tsaya a bakin layi har motar ta sha kwana, yana ta faɗa a kan yadda direban ya ɗaure igiya, alhali ba mai jin sa.

Kwana uku bayan haka magini ya zo gyaran bango. Ya dubi ramin, ya ce aikin rabin yini ne, zai mayar da ƙofar daidai yadda take a da, tsohon marfin ma ya koma wurinsa. Ya jiƙa siminti, ya ɗauki bulo na farko zai ɗora.

“Ajiye,” in ji Baba Kafinta. “Gefen kawai za ka daidaita mini. Ni zan ƙera mata sabon marfi.”

“Haba Baba, wannan faɗin ai na ƙofar shago ne. Ɗakin da ba kowa a ciki, me za a shigar?”

Baba ya zaro fensir daga kunnensa, ya ja layi a jikin bangon, ya sake aunawa sau biyu.

“Kai dai bi layin nan. In wata rana abin ya ƙi wa Auta a can, kada ya zo ya tarar kayansa ba sa shiga.”