Allon da Ba a Rataya Ba

Habibou mutumin Maraɗi ne, direba a wani kamfanin sayar da tsofaffin motocin Japan a Dubai. Ya zo a 2001 da niyyar ɗan taɓa aiki ya koma, sai ga furfura ta riske shi a wani ɗakin haya a unguwar Satwa, inda ake kwana kamar kifin gwangwani. Gajiya ta cinye masa har surutu. Idan ka gaishe shi, "Alhamdulillahi" kawai za ka samu, ita ma da ƙyar.

Wata rana cunkoso ya tsare su a hanyar Bur Dubai shi da maigidansa Kuwahara, ɗan Japan. Maigidan ya ce zai je gida hutu, zai kai ɗansa wurin bautarsu na Shinto. Can ɗalibai ke cika kafin jarrabawa, su wanke hannu, su tafa, su rubuta burinsu a ƙaramin allon katako su rataye.

"Ka ce 'yarka Wasila za ta yi jarrabawar gama sakandare. In rataya mata allo?"

"Na gode, yallaɓai. Mu Allah kaɗai muke roƙo."

Kuwahara bai ji haushi ba. "To me take son karantawa?"

Habibou bai sani ba. Kullum bayan salla yana cewa Allah Ya ba ta sa'a, amma sa'ar me? Kunya ta kama shi, sai ya ɗora laifin shirunsa a kan direbobin da ke danna oda a bayansu.

Ran Juma'a ya sayi katin waya ya kira gida, ya ce a ba shi Wasila.

"Yaushe ne jarrabawar taku ta bac?"

"Ai an yi tun watan jiya, Baba. Na ci."

"Masha Allah. Ba a faɗa mini ba."

"Inna ta ce kana da aiki, kar a dame ka."

"To yanzu me za ki karanta?"

"Aikin ungozoma, a Yamai. Kawu Dikko ya kai ni, ya gama komai." Ta ci gaba cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. "Ko in ba ka shi? Shi ya fi sanin zancen."

"Ba ni shi," in ji Habibou.