Kwamfutar da Ke Suma a Unguwar Gai

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara wurin Gwadabe a kasuwar Rano ya san ba a shiga rumfarsa da gaggawa. Kafin ya ɗauki sukundireba sai ya tsare ka da tambayoyi: a ina take kwana, wa yake kunna ta, kusa da murhu ake ajiye ta ko a kan taga? Wasu su amsa, wasu su ja tsaki su ce gyara suka kawo, ba ƙara ba. Shi ko a jikinsa. Mutumin Rurum Tsohon Gari ne, gajere, mai furfurar wuri, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Shekara talatin yana buga babur daga Rurum zuwa Rano, ba ya fashi sai ranar da shuka ta kama.

Ya ga lokacinsa kuwa. Da aka dawo mulkin siyasa, aka kuma ƙaddamar da shari'a, kowa ya zama mai neman lasifika, masu wa'azi suna nema, 'yan takara suna nema, Gwadabe ba ya samun sukunin cin abincin rana. Sai wayar hannu ta zo da rediyonta a ciki, rumfar ta yi tsit. A jikin rumfar tasa wani mai difloma, Abdulganiyyu, ya buɗe shagon caji da gyaran kwamfuta, nan da nan wurin ya zama majalisar masu son na'ura. Malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya su wuni suna musu, wannan ya ce manhaja kaza ta fi kashe bairos, wancan ya ce kada a kuskura a bar waya a caji ta wuce ƙa'ida. Gwadabe yakan jawo bencinsa ya kasa kunne. In ya yi tambaya su kwashe da dariya.

"Baba Gwadabe, wannan fa ba rediyo mai eriya ba ce," in ji Abdulganiyyu. "Ciwon kwamfuta a ƙwaƙwalwarta yake."

"To, Allah Ya ba ta lafiya," Gwadabe yakan ce. Abin yana masa ciwo, amma bai fasa zama ba, kuma duk abin da ya ji yana riƙewa.

Aiki ɗaya ne bai taɓa kuɓuce masa ba. Kowane azumi shi yake haɗa lasifikar tafsirin Malam Sharfaddeen a Unguwar Gai ta Kibiya, bayan la'asar, shekara ashirin da shida ba fashi. A gindin wannan lasifikar ya san yawancin abin da ya sani na addini. Malam mahaddaci ne, Alƙur'ani yana kansa, amma littafin tafsirin da yake fassara daga ciki rubutunsa ƙanana ne, ido kuma ya fara ja da baya. An yi tabarau har kala uku, a banza. Sai 'yarsa Hafsa, ma'aikaciyar jinya a Kano, ta kawo masa kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka, aka zuba masa Alƙur'ani da littattafan a ciki, aka nuna masa maɓallin da zai danna harafi ya girma ya yi kamar babban yatsa. Malam ya yi murna har da hawaye.

Murnar ba ta daɗe ba. In Malam ya kunna, sai ta yi kamar minti ashirin ta ɗauke ɗif, allo ya yi baƙi. Hafsa ta kawo ta shagon Abdulganiyyu, majalisa ta taru a kanta. Aka ce bairos ne, aka goge komai aka sake zubawa. Aka kunna ta a kan teburin shago, ta wuni lafiya ƙalau. Aka mayar Unguwar Gai, ta sake suma. Aka dawo da ita, aka canza batir, ta wuni lafiya, aka mayar, ta suma. A karo na uku wani daga cikin majalisar ya rage murya ya ce shi fa yana ganin abin ba na asibiti ba ne, a gidan ne akwai magana.

Saura kwana biyar azumi Hafsa ta tsaya a bakin rumfar Gwadabe, idonta ya yi ja.

"Baba Gwadabe, Malam ya ce in faɗa maka kada ka wahalar da kanka da lasifika bana. Ya ce ba zai zauna gaban jama'a abu ya mutu masa a tsakiyar aya ba, kuma ba zai faɗi maganar malamai da ka ba. Ya haƙura."

Gwadabe ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Ya san in Malam ya tashi daga wurin nan bana, ya tashi ke nan.

"Hafsatu," ya ce, "ita kwamfutar, a ina take kwana?"

Majalisa ta fashe da dariya, har Abdulganiyyu yana riƙe ciki. Gwadabe bai kula su ba. Ya zuba sukundirebobi da wani tsohon buroshin haƙori a jaka, ya rufe rumfa da rana tsaka, ya hau babur.

Damina ce, hanyar Kibiya duk caɓi, sai da ya tura babur sau biyu. Ya tarar da Malam a zaure, a kan buzunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, so nake ka kunna kwamfutar yadda ka saba, kamar ba na nan."

Malam ya yi bisimilla, ya miƙa hannu saman kantar littattafai ya sauko da ita. A nan Gwadabe ya ga abin da babu wanda ya gani a Rano. Malam ya sa baduku ya ɗinka mata gafaka ta jar fata, irin wadda ake sa Alƙur'ani, ta kama ta tsam, ƙasa da gefe duk a rufe, allo da maɓallai kaɗai a waje. In za a kai ta gyara sai ya cire, don kada a ɓata fatar a hanya. Ya ɗauko matashi ya ɗora a kan buzu, ya ɗora ta a kan matashin, ya kunna.

Gwadabe ya kasa kunne yana sauraro, domin kunne shi ne rabin sana'arsa. Can ciki fanka tana kuka, kukan yana ƙaruwa. Ya sa tafin hannu a jikin fatar, ya ji zafi kamar murfin tukunya. Minti ashirin bai cika ba ta ɗauke.

Gano ciwon bai ba shi wuya ba. Faɗar sa ce aiki. Ta yaya za ka dubi malaminka ka ce ladabinsa ne yake shaƙe na'ura?

"Allah Ya gafarta Malam, taɓa nan."

Malam ya taɓa ya janye hannu da sauri. "Subhanallahi! Zazzaɓi take yi?"

"Numfashi take nema. Tana da 'yan ƙofofi a ƙasa da gefe, ta nan take shan iska. In zafi ya yi mata yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Lafiyarta ƙalau, rigar ce ta yi mata nauyi."

Fuskar Malam ta canza. "Gwadabe, maganar Allah tana ciki. Kana so in ajiye ta tsirara a ƙasa kamar kwanon tuwo?"

"Allah Ya kiyaye, Malam. A ba ni zuwa gobe."

A nan zauren ya nemi izini ya zare gafakar, ya kwance bayan kwamfutar. Bai taɓa buɗe irinta ba, amma da ya ga fanka da wayoyi sai hankalinsa ya kwanta, 'yan gida ne. A bakin fankar ya zaro dunƙulen gashin buzu da ƙura, ya bi da buroshi ya share tas. Daga nan ya wuce wurin Kawu kafinta a Kibiya, ya tsaya a kansa har ya ƙera ɗan teburi mai kama da katakon da ake ɗora Alƙur'ani, sai dai samansa shimfiɗaɗɗe ne, sanduna huɗu da tazara a tsakani, tsayinsa ya wuce gwiwar mai zaune.

Washegari ya ajiye shi gaban Malam. "Ga kujerarta. In tana karatu ta zauna a nan, sama da ƙasa, sama da gwiwa. In ta gama ta huce, a mayar mata da rigarta."

Malam ya shafa katakon, ya daɗe yana nazari. Sannan ya ce, "Ai ko Littafin ma, sai an fito da shi daga gafaka ake karanta shi." Ya ɗora ta da hannunsa.

Ran ɗaya ga azumi zaure ya cika har waje, manoma sun taso daga gona da laka a ƙafa. Abdulganiyyu ma ya zo, ya tsaya daga baya yana duba agogon wayarsa. Mai jan baƙi ya ja, Malam ya danna maɓalli, haruffa suka girma, ya fara fassara. Gwadabe yana gefe wurin lasifika, hannu ɗaya a kan maɓallin murya, ɗayan ya zura shi ƙarƙashin ɗan teburin, iska mai ɗumi tana fita tana shafar yatsunsa. Minti ashirin ya wuce. Arba'in ya wuce. Aka ci awa ɗaya da rabi, muryar Malam tana ƙara buɗewa, har da 'yar barkwancin da ya saba. Daɗi ya cika Gwadabe har ya rasa inda zai sa kansa, ya sunkuya yana goge ido da hannun riga.

Da aka shafa addu'a, Malam bai bari an kashe lasifika ba. Ya ce, "Jama'a, a sa Gwadabe a addu'a. Shekara ashirin da shida yana ba ni murya, bana ya ba ni ido."

Bayan kwana biyu wani ma'aikacin sakatariya ya shigo shagon Abdulganiyyu da kwamfutarsa a hammata, yana ta bayanin bairos. Abdulganiyyu ya saurare shi har ya gama, sannan ya leƙa rumfar maƙwabcinsa.

"Baba Gwadabe, don Allah zo ka yi masa tambayar nan taka."

Gwadabe ya taso a hankali, ya gyara hula, ya dubi mutumin. "To, Malam, a ina take kwana?"

Babu wanda ya yi dariya.