Kwamfutar da Kwance-ka-gani Ya Haɗa

Tun yana yaro ake ce masa Kwance-ka-gani, kuma ba a zalunce shi da sunan ba. Agogon bangon gidansu, rediyon kawunsa, keken ɗinkin mahaifiyarsa, duk sun ɗanɗana sukundirebarsa. Wasu sun koma daidai, wasu kuwa sai dai a yi musu addu'a. Da ya girma ya zama mai gyaran janareta da injin ban ruwa, ya shekara talatin da huɗu a rumfa ɗaya bayan tashar mota, har bayansa ya fara yi masa gardama in zai ɗaga ƙarfe. Sai ya bar wa ƙaninsa rumfar ya dawo gida. Uwargidansa ta ce zaman nan nasa ya fi ciwon bayan damunta, don a watan farko ya kwance mata fanka biyu da injin markaɗe, alhali lafiyarsu ƙalau.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, tela ce, kuma a ɗakin gaban gidan take da shago. Bayan ɗinki tana ɗaukar bidiyo tana koya wa mata yanka da haɗa hannun riga, ta gyara ta ɗora a intanet. Wata rana da hantsi ya leƙa shagon ya tarar ta yi tagumi gaban ƙaramar kwamfutarta, na'urar tana huci kamar wadda ta hau tudu da kaya.

"Lafiya, Uwata?"

"Baba, bidiyon minti goma ne, tun safe take fama da shi. Sabuwa nake so, babba ta tebur, amma haɗa min za a yi. A zaɓi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, wadda za ta iya gyaran bidiyo, ta kuma ɗauki wasan tseren mota, don ni ma ina son hutawa."

Ya ja kujera ya zauna. Shi a saninsa kwamfuta a dunƙule take zuwa kamar ƙwai. Ashe ita ma ciki gare ta, kuma mutum na iya zaɓa mata hanji da hanta da kansa!

"Bar min wannan aikin," in ji shi.

Washegari ya ɗauki littafi da biro da tef ɗin awo, ya nufi layin masu kayan kwamfuta. Shagon da ya shiga ɗan ƙarami ne, kwalaye har rufi, mai shi wani siririn mutum da ake kira Dogo.

"Baba, me za a ba ka?"

"Yau dai ba komai. Bayani na zo saye."

Dogo ya yi dariya ya miƙa masa benci. Ya ɗauko wani ɗan faifai da bai kai akwatin ashana ba, ya ce wannan shi ne firosesa, shi ke yin tunanin. Gyaran bidiyo yana son mai hannuwa da yawa, wasa kuma yana son mai saurin hannu. Ya nuna masa modabod, allon da kowa ke zama a kansa, da ram, wanda ya ce kamar teburin yankan tela ne, in ya yi faɗi sai a baje yadi a sake. Daga ƙarshe ya jawo katin hoto, ƙato mai fanka uku.

Kwance-ka-gani ya juya katin a hannunsa, ya shinshina, ya leƙa ta tsakanin fankokin.

"To me ya sa mai zana hoto ya fi mai tunani girma har haka?"

"Aikinsa ne da zafi, Baba."

"Zafin ina yake zuwa in ya fito?"

Dogo ya sosa ƙeya. Masu saye da yawa sun zo shagon nan, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa makomar zafi.

Mako uku yana zarya. Kullum da sabuwar tambaya, kullum littafin yana cika. Ya gane ba kowane firosesa ke zama a kan kowane allo ba, kowa da mazauninsa. Ya auna tsawon katin da tef, ya auna cikin akwatin da za a jera kayan, ya ƙi wani kyakkyawa mai gilashi da fitilu saboda gabansa a toshe yake. "Injin da ba ya shan iska gawa ce da ba ta kwanta ba," in ji shi. Da yamma sai ya zauna da Uwata su yi shawara. Ita ta dage a ƙara ram da wurin ajiya, shi kuma zuciyarsa na kan katin nan mai fanka uku. Da ta tambaye shi me zai yi da fanka uku, ya ce shi dai yana so ya ga yadda suke juyawa tare. A ƙarshe suka tsaya a kan mai biyu.

Da aka zo kan akwatin wuta, wanda ke raba wa kowa lantarki, nan ne tsohon hannu ya nuna kansa. Dogo ya miƙo wani ya ce zai isa. Kwance-ka-gani ya duba abin da kati ke ja, ya haɗa da na firosesa, ya tura masa abinsa.

"Ɗana, ba a cika wa janareta kaya har wuya. Ba ni na gaba da shi."

Wuri ɗaya ya yi wayon da ya ci shi. A hanyar gida ya ga wani mai tebur yana sayar da ram na hannu da araha, ya saya bai gaya wa kowa ba. Ranar haɗi aka share teburin yanka, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera notuna a murfin kwalba. Firosesa ya zauna lafiya lau. Ram kuwa ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya lura ɗan tsagin da ke ƙasansa ya kauce wa na allon da kaɗan. Ya tashi shiru ya dawo da magagari.

Uwata ta riƙe masa hannu. "Baba, don Allah! Wannan ba fistan ɗin inji ba ne."

Ta kira Dogo a waya, ya ce ai tsohon yayi ne, an kautar da tsagin da gangan don kada a yi kuskuren da Baba ke shirin yi. Abin mamaki, maimakon ya ji kunya, daɗi ya ji. Ya ɗaga ram ɗin a haske yana kallon tsagin.

"Wato wani can ya zauna ya yi tunanin irina. Allah ya yi masa albarka."

Bayan kwana biyu aka kawo wanda ya dace. Ya ɗaure wayoyi tsaf, ya rufe akwati, ya yi bisimilla ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ko fanka ba ta motsa ba. Ya fara laluben sukundireba. Uwargida, wadda ta kawo musu ruwa ta tsaya daga baya tana kallo, ta ce, "Malam, wannan ɗan makunnin na baya fa, na ado ne?"

Ya leƙa. A kashe yake. Ya kunna, fankoki suka ɗauka a hankali, allon kallo ya kawo haske. Uwata ta yi dariya har da hawaye, uwargida kuwa ta ce shekara talatin da huɗu ana gyaran wuta, ga shi yau ita ta kawo ta.

Bidiyon da ke cin safiya guda, yanzu kafin Uwata ta gama guge riga ya kammala. In ta tashi cin abincin rana sai ta bar masa kujerar. Ya koyi wasan tseren, amma har yau bai taɓa zuwa na ɗaya ba, ko na biyar. Ana fara gudu sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya taka totur yana canza giya, ya kasa kunne. Ran nan Dogo ya zo duba na'urar ya same shi a haka, motoci suna wuce shi fuu.

"Baba, ai an bar ka a baya."

"Su je," in ji shi. "Zo ka ji jar motar nan. Wanda ya yi mata ƙara ya san inji, amma giyarta ta uku tana da magana."