Wayar Kanar a hannuna

Ku da kuka fara aiki bana, ga ranar da na kasa mantawa da ita a maktab ɗinmu, wato ofishinmu na unguwar Shisha. Talata ce, cikin Sha'aban, shekarata ta biyu ina karɓar baƙin Umra.

An turo mana hafsoshi goma sha biyu daga hedikwatar rundunar haɗin gwiwa, ana tsakiyar yaƙi. Ƙasa biyar, Umrar yini ɗaya. Takardar da ta rako su ta ce duk saƙon hedikwata a ba shugaban ayyuka, hannu da hannu. Shi kuwa Kanar ne, Bahaushe, shi ya sa aka sa ni. Alhali a cikinsu akwai Janar na wata ƙasa, wanda ya girme shi a muƙami nesa ba kusa ba.

Bayan azahar suka ɗaura harami, suka bar min wayoyin aiki a akwati. Suna shiga mota wayar Kanar ta yi ƙara. Na ɗauka, wani ya ce da Larabci, "Ya kira mu cikin minti ashirin. Jirgin masu rauni na jiran izininsa."

Na fita da gudu. A cikin mota na tsaya cak. Mutum goma sha biyu, kai ba hula, kafaɗa ba tauraro, kowa farin zane biyu. Sau ɗaya na gan su cikin kaki, ban riƙe fuskar kowa ba.

Wani dattijo a kujerar gaba ya miƙo hannu. "Kawo, ya binti, 'yata. Ni ne Janar."

Na ce, "Ba taka ba ce, ranka ya daɗe."

Mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, Ustaz Hamza, ya biyo ni yana haki. Ya ce a hankali, "Rukayya, ba shi. Kina so a kore mu duka?"

"Takarda ta ce Kanar."

"Takarda ce za ta ciyar da ke?"

Janar bai janye hannunsa ba. Minti biyar sun tafi. Ni dai haƙurina kaɗan ne, kun sani. Na ɗaga murya da Hausa: "Wai wane ne Kanar a nan? Mutanenka na mutuwa kana zaune!"

Can baya wani siriri da ke gyara takalmi ya miƙe. Ya karɓi wayar, ya sauka, ya yi magana minti uku, ya dawo. Ya tsaya gaban Janar ya ba shi rahoto cikin ladabi. Janar ya gyaɗa kai kawai.

Da suka dawo daga Harami, Kanar ya ce min, "Ƙanwata, da kin ba shi, ba zai iya cewa jirgi ya tashi ba. Shi wakilin ƙasarsa ne, sai ya buga waya gida ya nemi izini tukun. Ni kujerar shugaban ayyuka aka ba ni, ƙasashen biyar suka sa hannu." Na tambaye shi jirgin. Ya ce ya sauka lafiya, da mutum bakwai.

Washegari Ustaz Hamza ya ba ni takardar gargaɗi saboda ɗaga wa baƙo murya. Na sa hannu, don na ɗaga ɗin.

Abin da na koya: a irin wannan hedikwata kujera ke ba da umarni, ba tauraron kafaɗa ba. Ku karanta takardar da ta rako baƙo, ku kuma kalli fuskarsa da kyau kafin ya cire hula.