Ranar da Lorene Ta Hura Gangar Wilbert

Duk wanda ya yi firamare a garinmu, nan gefen La Grange a Texas, ya ci girkin Lorene Zapalac. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a kicin ɗin makaranta, gajeruwar mace mai faɗan tsiya, wadda in ta ce ka cinye wakenka, to, ka cinye kawai a zauna lafiya. Amma ƙyasta ashana a gabanta ka ga yadda za ta yi baya. Tana ƙarama gobarar daji ta cinye rumbun ciyawarsu da alfadarai a ciki, ta bar mata tabo tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Daga ranar, murhun lantarki kaɗai ta yarda da shi. Ko kyandir ne a coci, sai ta miƙa wa wata ta kunna mata.

Sai kuma Allah ya haɗa ta aure da Wilbert, mai walda, mutumin da wuta ce abokiyar hirarsa. Da hannunsa ya ƙera gangar bandarsa daga tsohon tanki: doguwar ganga a kwance, akwatin wuta a gefe, bututun hayaƙi a ɗaya gefen, da ma'aunin zafi mai allura a kan murfi. Bikin coci ko zaman makoki, bandar haƙarƙarin shanu ta Wilbert ake jira. A nan kuwa ganga ta maza ce. Mata su yi kwaɗon dankali su dafa wake, maza su kewaye ganga da giya a hannu suna shirga ƙarya. Lorene ba ta taɓa jin haushin wannan rabo ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Cikin zafin bara ɓarin jikin Wilbert na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti baki a karkace, magana sai ɗaiɗai, ya juya fuska bango ya ƙi abinci. Miya, ƙwai, romon kaza, babu abin da ba ta kai masa ba, sai ya ture da hannun hagu. Ƙaton da ke cika ƙofa ya koma kamar riga a rataye. An kawo masa ƙarfen dogarawa, ko kallonsa bai yi ba.

'Yarsu Rhonda ta bugo waya daga Houston.

"Mama, ranar Lahadi ina tafe. In har Dadi ba ya ci, likita ya ce sai an sa masa robar abinci a ciki. Na samo masa gidan kula da tsofaffi a nan kusa da ni."

"Ubanki ba zai kai labari a wurin nan ba, kin sani."

"A gidan ma ai ƙarewa yake yi, Mama. Kina gani."

Tana gani kuwa. In aka fitar da Wilbert daga gidan nan, ta san sai dai a dawo mata da shi a akwati.

Ranar Asabar ta je wurin mahauci ta ce a ba ta haƙarƙari mai ƙashi uku, irin wanda mijinta ke saye.

"Misis Zapalac, wa zai hura miki gangar?"

"Ni."

"Ke? Ke da ko fitilar..." Ta watsa masa harara, ya haɗiye sauran. "To, gishiri da masoro kawai. Ƙashi a ƙasa. Kada ki yi gaggawa."

Lahadi da sassafe, mutane na shirin coci, ita tana tsaye a bayan gida da ashana a hannu. Wata da watanni ba a ga ruwan sama ba, ciyawa ta bushe ƙamas har bakin shinge. Ta ja tiyo ta jiƙa ƙasa, ta jera bokitan ruwa, ta sake jiƙawa. Allah kaɗai ya san ashana nawa ta karya kafin jaridar da ke ƙarƙashin gawayin ta kama. Da harshen wuta ya taso, sai da ta ji tsohon tabon nan yana mata zugi. Ta daure, ta juye garwashin a akwati, ta ɗora naman, ta rufe ganga.

Saura icen da zai ba da hayaƙi. Tulin icen bishiyar da ake kira ok, wanda Wilbert ke amfani da shi, yana can bayan rumfa cikin doguwar ciyawa, gidan macizai. Nan kusa kuwa ga guntayen icen sida mai ɗacin hayaƙi, ragowar turakun shinge, a bushe tas. Lorene ta ce ice ai ice ne. Kaico, Lorene! Shekara arba'in kina gidan mai banda, ba ki taɓa jin ana cewa ba a kai sida kusa da nama ba? Ta jefa guda biyu manya.

Nan da nan bututu ya fara aman farin hayaƙi, mai kauri, mai yaji a ido. Icen ya shiga fashewa, tas! tas! Tartsatsi na tsalle ta ƙofar akwati yana faɗawa ƙasa. Iska ta kwashi hayaƙin ta cusa ta tagar ɗakin Wilbert. Lorene ta sandare, ƙafafunta suka ƙi ɗaguwa, ba ta ganin komai sai rumbun babanta.

Sai ta ji ƙara daga cikin gida. Ƙarfe a kan katako, sannan jan ƙafa. Ƙarfe, jan ƙafa. Ƙofar baya ta buɗe, ga Wilbert cikin kayan barci, ya rungumi ƙarfen dogarawa, gumi na zuba, idanu jajur don fushi. Gabansa matakala ce.

"Wayyo, Wilbert! Tsaya nan, za ka faɗi!"

"Si... da," in ji shi, da ƙyar. "Fi... tar."

"Ba zan iya ba!"

Ya turo ƙarfen gaba, ƙafa ɗaya ta leƙa bakin matakala. Wato in ba ta cire ba, shi zai sauko ya cire. Lorene ta fizgi dogon awartaki, ta buɗe akwatin, zafi ya mare ta a fuska. Tana kuka tana kiran sunan Budurwa Maryamu Mai Tsarki ta kamo icen yana ci, ta tsunduma a bokiti, ta koma ta kamo na biyun. Sannan ta ruga ta tare mijinta, ta zaunar da shi a kujerar baranda.

Ya ɗaga yatsa ya nuna bayan rumfa. Ta shiga ciyawar nan da takalmansa na walda, tana buga sanda, ta ɗebo ok ta sa a wuta. Can hayaƙin ya sirance, ya koma shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa. Wilbert ya gyaɗa kai.

Bai koma ɗaki ba. Da rana ta take, ta ga naman kamar ba ya gaba ba ya baya, hankalinta ya sake tashi, ta kai hannu za ta ɗaga murfi ta kuma leƙawa. Ya buga tafin hagu a hannun kujera.

"Ba... ri."

"To sarkin iko. Baki ya karkace, mulki bai karkace ba."

Rabin fuskarsa ya motsa. Ta rantse dariya ce.

Da la'asar motar Rhonda ta shigo. Ta fito ta tarar da ubanta a baranda, uwarta baƙi ƙirin da gawayi, gira ɗaya a babbake.

Lorene ta shimfiɗa takardar mahauta a tebur, ta sauke haƙarƙarin. Bayansa ya yi baƙi, ƙashin ya zare da kansa. Ta yanko ɗan mitsitsi daga wuri mai taushi, ta daddage shi, ta ajiye a gabansa da yankan farin burodi.

"Mama, in ya shaƙe fa?" Rhonda ta raɗa.

Abin da ke cin Lorene ke nan tun safe. Wilbert ya daɗe yana kallon naman. Ya ɗauka da hagu, ya kai baki, ya tauna, ya tauna. Su biyun suka zuba wa maƙogwaronsa ido, babu mai numfashi. Maƙogwaron ya hau, ya sauka.

Ya yamutsa fuska.

"Si... da," ya ce. Yana nufin har yanzu akwai ɗacinta.

Sannan ya turo takardar gabanta da yatsa, ya ce, "Ƙa... ra."