Baitin da Uwar Bakwaini Ba Ta Tsallakewa

Da safiyar Talata, 16 ga Disamba, da misalin ƙarfe tara, Allah ya karɓi ran babbar sistar ɗakin bakwaini, wadda iyaye ke kira Uwar Bakwaini, bayan jinyar kwana shida. Hukumar asibitin ta ce zazzaɓin da ya ɓulla a sashen haihuwa ne ya kama ta. An killace jarirai tara da ta kula da su a makonta na ƙarshe a bakin aiki. 'Yata tana cikinsu.

Na shekara ashirin ina rubuta labarin rasuwar mutane a jarida. Yau na Uwar Bakwaini nake rubutawa.

Mama, a majami'a na fara saninki, kina layin baya na mawaƙa. Shekara huɗu da suka wuce na yi sharhi a kan tsohuwar waƙar Kirsimetin nan ta lallashin jariri, na kira ta waƙar kwanciyar hankali. Ana tashi daga sujada kika tare ni a bakin ƙofa, jaridar a naɗe a hannunki.

"Malam mai biro, baiti nawa ka karanta?"

"Uku, Mama."

"Huɗu ne, ɗana. Mawaƙanmu ne ke tsallake ɗaya don kada a ɓata wa mutane murna. Je ka nemo shi, sannan ka dawo mu yi magana."

Na nemo shi. A cikin baitin, sojojin Hirudus suna bin gida gida suna neman yara maza, Maryamu kuma tana rungume da ɗanta tana roƙonsa ya yi shiru. Da na dawo, kika ce mini lallashin nan na tsoro ne, kada a jiyo kukansa daga waje. Kika ce Mai Ceto ya yarda ya zo a jikin da soja ɗaya zai iya hallakawa, domin duk uwar da ta taɓa rufe bakin ɗanta cikin fargaba ta san Allah ya shiga wannan ɗakin kafin ita. Wanda ya tsallake baitin, in ji ki, ya ga haihuwar amma bai ga dalilinta ba. Na gyara rubutuna a mako na gaba. Kika karanta, kika ce, "Da sauƙi."

A ƙarshen Nuwamba maiɗakina ta haihu a wata bakwai, aka sa yarinyar a kwalba. A nan na ga yadda kike aiki. Ba kya duba agogo idan za ki ƙirga numfashin jariri. Kina sunkuyawa ki zuba wa ƙirjinsa ido, kina rera baitin nan a hankali, babban yatsanki yana bin gaɓoɓin sauran yatsu. Baitin minti ɗaya yake ɗauka daidai. Na gwada da wayata sau uku. Wata ƙaramar nas ta taɓa tsokanarki:

"Mama, ga agogo can a bango, ba a biyansa albashi."

Kika ce, "Agogon naki yana addu'a?"

Ke kika koya wa matata ɗaura yarinyar a ƙirji da zane. Sau da yawa kin tashi aiki, amma kina zaune da wata uwa da ruwan nono ya ƙi zuwa, ba ki tambayi addininta ba, ba ki tambayi 'yar gidan wa ce ba. Da zazzaɓin ya ɓulla, likita ya ce shekarunki sun ja, ki huta a gida. Kika ce masa ma'aikata biyu sun riga sun kwanta, wa zai ƙirga wa yaran numfashi?

Yanzu daga bayan gilashi muke kallonsu. An hana matata taɓa 'yarta. Tana tatsar nono a kofi, ta miƙa ta wata 'yar taga. Nakan tsaya in gwada ƙirgawa yadda kike yi, amma kafin in kai rabin baitin lissafi ya ɓace mini, domin duk lokacin da ƙirjin nan ya ɗan dakata, nawa ma tsayawa yake. In na ga likita ya nufo mu, sai in tsura wa fuskarsa ido. Ban taɓa fahimtar abin da kika faɗa mini a bakin ƙofar majami'a ba kamar a kwanakin nan.

Allah ya jiƙanki, Mama, ya karɓe ki cikin hutawarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, Baba kafinta, da 'ya'yanki uku da jikoki, da ƙungiyar mawaƙa, da abokan aikinki, musamman biyun da har yanzu ke kwance. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya tsare yaran da ta bari a ɗakin nan.

Daga cikin jarirai taran, gwajin shida ya fito babu cutar, biyu suna ɗauke da ita. Saura na 'yata. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya gaya mini ta waya cewa jininta lafiya lau ne, amma likita bai sa hannu ba tukuna. An ce mu dawo gobe da ƙarfe goma.