Tsintsiya a Tseren Mil Ɗari

A garinmu, can ƙarƙashin duwatsun Neuquén, idan ka tambayi gidan Nicanor Antilef sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Tsintsiya, nan take za a nuna maka shagonsa. Mai facin taya ne a bakin hanyar fita gari, gajere, mai faɗin ƙirji, hannayensa baƙi ƙirin har ranar Lahadi. Shekararsa hamsin da huɗu, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin yana sauri ba.

Sunan ya samo shi ne daga tseren da ake yi mana kowane watan Afrilu. Mil ɗari a kan duwatsu, da ƙafa, cikin awa talatin da takwas. Mutane su taho daga birane da takalma masu launi kala-kala don su wahalar da kansu, mu kuma mu dafa musu miya. Hanyar ba wata hanya ba ce, turbar shanu ce da ta masu itace, shi ya sa ake ɗaura ƙyallaye ruwan lemo a rassan itatuwa, taku hamsin-hamsin, mai gudu ya riƙa bin su. Bayan mai gudu na ƙarshe sai a saki mutum ɗaya da buhu. Shi ke kwance ƙyallayen, ya tsince ledojin da 'yan birni suka zubar, ya tabbatar ba a bar kowa a daji ba. Shi ake kira tsintsiya. Shekara goma sha ɗaya Nicanor ya yi yana share mil arba'in na ƙarshe.

Ba wanda ya san abin yana cin sa a rai. Kullum sai an kwashe kujeru, masu kiɗa sun tafi gida, sannan ya shigo gari da buhunsa a kafaɗa. Yana so sau ɗaya tak ya fara daga farko, da lamba a ƙirji, ya ƙare da ƙafarsa. Da ba zai faɗa ba, sai likita ya duba gwiwarsa ta dama ya ce guringuntsin ya cinye, za a yi masa aiki a watan Yuli, kuma daga nan shi da hawan dutse sai dai kallo.

"Tsoho, hankalinka ɗaya kuwa?" in ji Zulema, matarsa, tana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan. "An ce maka gwiwa ta mutu, kai kuma ka ce bari ka kai ta kabari da gudu."

"Sau ɗaya ne, Zulema. Ko na so, babu na biyu."

Ta miƙa masa ƙoƙon. "To ka saya wa kanka safa ta kirki. Ba zan je gaban jama'a in cire maka waɗannan masu hujin ba."

Wata bakwai ya yi yana shiri. Ya hau dutsen bayan gari kafin ya buɗe shago, ya sauko yana ɗingishi, ya wuni a tsugune yana fama da tayoyin manyan motoci. Direbobi suka samu abin tsokana. Wanda ya fi kowa shi ne Fermín mahauci, abokinsa tun ƙuruciya, wanda aka ba buhun shara a madadinsa.

"Mutumina, ka yi sauri fa," in ji Fermín. "Idan na kamo ka, a buhu zan jefa ka tare da bawon ayaba."

"Kai da tumbin nan? Sai dai in tsaya in jira ka."

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe aka sake su, mutum ɗari biyu da 'yan kai. Ba zan ɓata muku lokaci da mil sittin na farko ba, don wahala ce kawai iri ɗaya. Hawa, sauka, rafi mai sanyin ƙanƙara, sake hawa. A mil talatin cikinsa ya ƙi abinci, ya amayar da duk abin da ya ci. A mil arba'in farcen babban yatsansa ya ɗaga. Dare ya zo ya wuce yana bin hasken fitilar goshinsa, bai tuna komai daga ciki ba sai sanyi. Kowane zango yana da lokacin rufewa. Da an kaɗa ƙararrawa, wanda bai iso ba sai a yanke masa robar shaidar tsere da ke wuyan hannunsa, an fitar da shi ke nan. Nicanor ya riƙa tsallakewa da kyar, nan da minti arba'in, can da rabin awa.

Gari na wayewa ranar Asabar ya isa zangon mil sittin, inda ya saba ɗaukar buhunsa. Zulema na nan da bargo. Ta zaunar da shi a kan akwati, ta cire masa takalma, ta kalli ƙafafun, ta kau da kai.

"Faɗi abin da ke bakinki," ya ce.

"Ba abin da zan ce. Sha miyarka."

Mutum uku ne suka rage a tantin. Biyu sun riga sun miƙa hannu an yanke musu roba, suna kwance kamar an doke su. Ta ukun wata mace ce mai shuɗiyar hula, ana sa mata magani a tafin ƙafa tana cije leɓe. Zulema, wadda ba ta iya zama kusa da mutum ba tare da ta san asalinsa ba, ta ce sunanta Griselda, malamar makaranta ce daga Rosario, kuma ta rantse sai ta ci gaba. Fermín yana gefe yana cin burodi da tsiran nama, yana jiran a rufe zangon ya bi bayansu.

Nicanor ya fita ƙarfe bakwai da rabi. Zango na gaba yana mil saba'in da biyu, kuma sha biyu da rabi ake rufe shi.

Wani abu ya faru da shi a wannan hanyar. Hazo ya sauka cikin kurmi, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma, amma shi ko a jikinsa. Nan gidansa ne. Ya san kowane saiwa, ya san dutsen da ke motsi idan an taka. Gajiyar ta kai shi wani wuri da ba barci ba, ba ido biyu ba. Ƙafafu na tafiya, kai ya yi shiru, har ciwon gwiwar ya koma kamar na wani. Tun jiya bai ji daɗi irin wannan ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta farkar da shi. Ya sa hannu a aljihun rigarsa zai ɗauko alewa, sai ya jawo ƙyalle ruwan lemo. Ya sake sawa, ya jawo wasu. Ɗaya aljihun ma cike. Har a wuyan riga ya cusa su.

Ya juya ya kalli baya. Babu ƙyalle ko ɗaya a reshe.

"Wayyo Allah na," ya ce. "Kai, Nicanor. Jakin banza."

Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana aiki ɗaya a wannan kurmin, ya ga kai ya yi barci, sai ya kama aikinsa. Ƙyallayen sun fi sittin, kusan mil biyu ke nan ya share. Kuma a cikin mil biyun nan akwai mararrabar rafi, inda turbar shanu ta yi hagu, mai faɗi, mai kyan gani, ta gangara kwazazzabo. Baƙo duk wanda ya zo wurin babu alama, hagu zai bi.

Mil biyu suka rage masa zuwa zango, da awa ɗaya da rabi a hannu. Idan ya wuce, zai isa har ya samu zama. Idan ya koma, sai dai wani ikon Allah.

Gaskiya zan faɗa, bai koma nan take ba. Ya ma yi gaba, taku wajen ashirin. Ya ce wa kansa wataƙila matar nan, Griselda, ta fasa fitowa. Ya ce ai Fermín na baya. Amma ya fi kowa sanin aikin: Fermín zai bi hanyar da ya sani, ba zai leƙa kwazazzabo ba, sai an ƙirga mutane a zango a ga babu ɗaya. Kafin nan ta yi awa uku a ƙasa da jiƙaƙƙen kaya. Ya tsaya ya dafa wata bishiya. Ya ji haushin matar, ya ji haushin hannunsa, ya ji kamar ya zauna ya yi kuka. Sai ya juya.

Gangara ce, kuma gangara ita ce abin da gwiwarsa ta tsana. Taku hamsin, ya tsaya, ya ɗaura. Yatsun sun kumbura, kowane ƙulli sai ya yi sau biyu. Da ya isa mararrabar ya duba laka, ga sawun ƙaramin takalmi ya yi hagu.

Ya busa usur ɗinsa, ya kira sunanta. Shiru. Ya bi turbar yana jan ƙafa, har kusan rabin mil, sannan ya hango shuɗiyar hular. Tana tsaye a bakin kwazazzabo tana jujjuyawa, leɓunanta sun yi fari.

"Baba, na gode wa Allah!" ta ce. "Waɗanne irin mutane ne ke shirya tseren nan? Babu alama ko ɗaya! Wallahi sai na kai ƙararsu."

Da ya yi shiru, da shi ke nan. Amma sauran ƙyallayen suna leƙowa daga aljihunsa, kuma ya gaji da yawa, ba shi da ƙarfin ƙarya.

"Ba laifinsu ba ne, 'yata. Ni na kwance su."

"Kai? Don me?"

"Aikina ne a da. Hannuna ya yi ban sani ba."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa. "Shekara biyu ina shiri," ta ce. "Shekara biyu ina hawa benen asibiti ina sauka, don garinmu ko tudu babu. Sai wani tsoho ya zo ya ce hannunsa ya yi bai sani ba?"

"Kin yi gaskiya. Ki zage ni a hanya, lokaci na tafiya."

Suka hauro tare zuwa mararrabar. Ya nuna mata ƙyallen farko, ya ce ta bi su, daga nan hawa ne kawai, idan ta ga gadar katako ta saki jiki ta yi gudu. Ta sa kai, hazo ya rufe ta. An ce ta shiga zangon saura minti uku, ban san yadda ta ƙare ba.

Shi kuwa gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya karyo reshe ya yi sanda, yana ɗaga ƙafar kamar ba tasa ba. Bai yi nisa ba ya ji fito a bayansa, da ƙarar buhu. Fermín ne.

"A'a! Mutumina, ashe da gaske ka tsaya jira na?" Dariyar ta ɗauke da ya ga fuskar Nicanor. Ya kalli ƙyallen da ke hannunsa, ya kalli wanda ke reshe na gaba. "Wannan ƙullin naka ne ai. Tun daga rafi nake mamaki. Me ya faru?"

Nicanor ya gaya masa a taƙaice. Fermín, wanda bai taɓa barin abin tsokana ya wuce shi ba, ranar bai tsokane shi ba. Ya duba agogo kawai.

"Saura minti ashirin da biyar. Mu je. Dafa ni."

"Ba a taimakon mai gudu, ka sani."

"Wa zai gani?"

"Bar ni in tafi da ƙafata."

Haka suka yi ta hawa, shi a gaba yana ɗingishi, Fermín a baya yana kwance abin da ya ɗaura. Ya ba da duk abin da ya rage a jikinsa, ba na shakka. Sun kai gadar katako ke nan, har ana jin ƙamshin hayaƙin zango, sai ƙararrawa ta kaɗa a sama. Ta daɗe tana kaɗawa.

Nicanor ya tsaya. Ya jingina sandar, ya zauna a bakin gadar, ƙafar a miƙe. Ya kalli robar da ke hannunsa. Mil saba'in da ɗaya, ban da wanda ya maimaita.

Fermín ya ajiye buhu, ya dafa kafaɗarsa. "Babu komai, mutumina. Ka yi ƙoƙari. Dutsen nan ba inda za shi, akwai baɗi."

Nicanor ya ɗago kai. Maganarsa ce. Shi ya koya wa Fermín ita makon jiya, ya ce haka ake gaya wa wanda lokaci ya ƙure masa. Ya faɗa wa mutum sun fi hamsin a cikin wannan kurmin, yana jin kamar ya yi musu alheri, bai taɓa tambayar ko ɗaya cikinsu ba ko yana da baɗin.

"Fermín."

"Na'am."

"Kar ka ƙara gaya wa kowa wannan maganar."

"To me zan ce musu?"

"Kar ka ce komai. Ka zauna kawai."

Fermín ya ture buhun gefe, ya zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙen katako.